Daga Kuɗin Fito Zuwa Harajin Mota: Tarihin Yadda Labarin Haraji Ke Isa Ga Jama'a A Mashigar Malanbil

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman mota a Kano ko Katsina ko Sakkwato tsakanin 1990 da 2016, zai yi wuya a ce dillali bai gaya masa cewa "wannan 'yar Kwatano ce" ba. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu sayen suka san cewa da yawa daga cikin waɗannan motoci ta kan gada ɗaya suka biyo, wato gadar da ta haɗa garin Malanbil na Jamhuriyar Benin da garin Gaya na Jamhuriyar Nijar. Manufar wannan takarda ita ce bin tarihin wannan hanya, tare da duba yadda sauye-sauyen harajin mota, musamman na sababbin motoci, suka riƙa ɗaga ta suna sauke ta. Tambayar da takardar ta fi mayar da hankali a kai ita ce: idan hukuma ta canza haraji, wa ke fara ji, da wane harshe yake ji, kuma wa ke ji a ƙarshe? Wannan tambaya ta shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin kuwa da Ingilishi da Faransanci ake rubuta dokar, amma akasarin waɗanda take hawa kansu a wannan hanya Hausa da Zabarmanci da Dandanci suke ji.

2.0 Mashigar Kwara Kafin Zuwan Mota

Malanbil, wanda Faransawa ke rubutawa Malanville, yana bakin Kogin Kwara ne a ƙarshen arewacin Benin, cikin jihar Alibori, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Sunansa na asali Tasi, wato rairayi a harshen mutanen Dandi. Sunan da yake amsawa yanzu an samo shi ne daga Henri Malan, wani gwamnan Dahome na farkon ƙarni na 20. Ke nan ba shi da wata alaƙa da kalmar "malam", duk da cewa kunnen Bahaushe kan so ya ji haka.

Tun kafin garin ya kafu, yankin sananne ne ga fataken Hausa. Ayarin da ke tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja neman goro a ƙarni na 19 a wajen Ilo ko Gaya yake ƙetare Kwara, sa'an nan ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Zugu har Salaga. A bakin ruwa akan biya masu jirgi kuɗin fito, a kowane babban zango kuma akan kai wa sarki gaisuwa kafin a wuce. Abin lura a nan shi ne, babu takardar da ta ƙayyade abin da za a biya. Madugu shi ne ya san abin da aka karɓa bara, shi ya san sarkin da ya ƙara da wanda ya sassauta, kuma shi ke ciniki a madadin ayari. Wato tun a wancan zamani sanin haraji dukiya ce, kuma a hannun mutane ƙalilan yake.

Daga wannan zamani ne muka gaji kalmar "fito". Ma'anarta ta farko ita ce ƙetarar da mutum ko kaya a jirgin ruwa. Da Turawa suka zo da iyakoki, sai ma'anar ta faɗaɗa, "kuɗin fito" ya zama kuɗin da ake biya kafin kaya su shiga wata ƙasa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Bargu gida biyu, abin da ya sa hanya ɗaya ta fatake ta koma tana ratsa ƙasashen mulki uku. Gwamnatin Lugga ma ta ɗora wa fatake nata harajin a Arewacin Nijeriya, kafin a soke shi a 1907.

3.0 Gada Da Kwalta

Faransawa sun gina hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano, ta isa Faraku a 1936, ta tsaya can. Daga Faraku zuwa bakin Kwara sai da mota. A farkon shekarun 1950 suka fito da wani shiri na karkatar da gyaɗar Maraɗi da Damagaram zuwa tashar Kwatano, maimakon ta bi ta Kano zuwa Legas kamar yadda aka saba. An buɗe gadar Malanbil a 1958, sa'an nan a 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta sufuri da za ta kula da wannan hanya. Daga nan Malanbil ya zama ƙofar Nijar zuwa teku, kasuwarsa kuma ta bunƙasa har ake lissafa ta a matsayin ta biyu a Benin, bayan kasuwar Dantokpa ta Kwatano. Gaya na tsallaken gada, Kamba ta Jihar Kabi kuma ba ta da nisa daga Gaya. Garuruwan nan uku, duk da suna ƙasa uku, kasuwa ɗaya suke ci.

4.0 Zamanin Sabuwar Mota A Nijeriya

A shekarun 1970 babu wanda ke zuwa Kwatano neman tsohuwar mota. Kuɗin man fetur sun shigo, gwamnatin Nijeriya ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, waɗanda suka fara aiki a 1975, sai na manyan motoci a Kano da Bauci da Ibadan da Inugu. Rabon Udoji na 1975 ya sa aljihun ma'aikata ya yi nauyi, ga kuma rancen mota da ake bai wa babban ma'aikaci. Malamin sakandare da ya gama jami'a yana iya sa ran sabuwar Fijo a ledarta. Don a kare waɗannan masana'antu ne aka riƙa ɗora haraji mai nauyi a kan motocin da aka gama ƙera su a waje.

Wannan zamani bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe su ba sai a watan Maris na 1986. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar naira a ƙarƙashin shirin tayar da komaɗar tattalin arziki. Naira, wadda a 1985 ta fi dala daraja, sai ga shi a 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Da yake daga waje ake shigo da sassan da ake harhaɗawa a Kaduna, sai farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin ma'aikaci. Giɓin da aka samu, tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi.

5.0 'Yar Kwatano

Sunayen da aka laƙaba wa waɗannan motoci sun isa su ba da tarihinsu. Yarabawa suka ce "tokumbo", wato abin da ya zo daga ƙetaren teku. Wasu suka ce "Baljiyam", saboda daga tashar Antwerp ta ƙasar Baljiyam ake lodin da yawa daga cikinsu. Hausawa kuma suka ce "'yar Kwatano", suna danganta mota da tashar da aka sauke ta. Dalilin da ya sa ake sauke su a Kwatano maimakon Legas shi ne bambancin haraji. Nijeriya na tsawwalawa don kare masana'antunta, tana kuma ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, ita kuwa Benin ba ta da masana'antar da za ta kare, saboda haka ta sassauta don ta ci ribar wucewar kaya. Masana biyu 'yan Benin, John Igué da Bio Soulé, sun kira wannan tsari da suna "ƙasar sito" a wani littafi da suka buga a 1992. A shekara ta 2000 motocin da ake saukewa a Kwatano sun kai wajen 200,000, alhali mutanen ƙasar duka ba su kai miliyan 7 ba. Kowa ya san ba 'yan Benin ke hawansu ba.

Ga yadda abin yake gudana a wancan zamani. Ana rubuta wa mota takardar cewa wucewa kawai za ta yi zuwa Nijar, don haka ba ta biyan cikakken kuɗin fiton Benin. Direbobi su jero su ayari-ayari, da rakiyar jami'ai, su bi ta Faraku da Kandi har Malanbil, su hau gada su shiga Gaya. A can Nijar ta karɓi nata harajin na kayan da za a sake fitarwa. Daga nan motoci su nufi Birnin Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram, su gangaro Nijeriya ta Illela ko Jibiya ko Maigatari. Wasu su bi ta ofis a biya musu kuɗin fito, wasu kuma su bi ta daji, abin da ake kira fasa-ƙwauri. A Maraɗi sana'ar ta tarar da alhazan da suka riga suka goge a fataucin atamfa da sigari, sai kawai suka ƙara mota a cikin hajarsu.

A wannan zamani ne Nijeriya ta yi ta canza ƙa'idar shekarun mota. A mulkin Shugaba Obasanjo an matse ta, daga baya aka sassauta zuwa shekara 8, sai 10, sa'an nan a 2010 aka mayar da ita 15. Duk lokacin da aka matse, hanyar Malanbil ta cika. In aka sassauta, ta ɗan yi sako-sako. Masu iya magana kan ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Amma masu jin sauyin kiɗan da wuri su ne manyan 'yan kasuwa da wakilansu na tashar jiragen ruwa, waɗanda suka gaji matsayin madugu.

6.0 Sauye-Sauyen 2013 Zuwa 2022

A watan Oktoba na 2013 gwamnatin Shugaba Jonathan ta amince da sabon tsarin farfaɗo da masana'antar mota. A ƙarƙashinsa, ƙaramar motar da aka gama ƙera ta a waje za ta biya kuɗin fito kashi 35 cikin 100, da wani ƙarin haraji na kashi 35, jimilla 70 ke nan, alhali a da kuɗin fiton kashi 20 ne. Sassan da za a harhaɗa a cikin gida kuwa aka yafe musu ko aka sa musu ɗan kaɗan. Idan aka ɗauki misalin sabuwar motar da aka yi wa ƙimar naira miliyan 10, kuɗin da a da bai wuce miliyan 2 da 'yan kai ba ya koma miliyan 7. Ƙarin harajin ya fara aiki a kan sababbin motoci a 2014, amma a kan na-hannu sai aka yi ta ɗage ranar farawa. Wannan ɗage-ɗage ya jefa masu saye cikin ruɗu, domin mutum ba ya iya tantance ko farashin da dillali ya faɗa masa na tsohon haraji ne ko na sabo. Wanda ya riga ya cika fili da motoci a kan tsohon haraji, ya sayar a kan sabo, shi ya ci ribar rashin sanin jama'a.

A watan Disamba na 2016 gwamnatin Shugaba Buhari ta sanar da hana shigo da kowace irin mota, sabuwa ko tsohuwa, ta kan iyakokin ƙasa, daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Tsakanin sanarwa da fara aiki bai cika wata guda ba, ga shi kuma mota kan ɗauki makonni daga Turai ko Amurka zuwa Kwatano, balle ta iso Gaya. Waɗanda kayansu ke kan teku ko kan hanya sai doka ta rutsa da su. Wannan ya zo ne a daidai lokacin da naira ta sake faɗuwa a 2016, wanda ya riga ya rage cinikin filayen motoci na Kwatano ƙwarai.

Abin da ya biyo baya ya fi fito da matsalar fili. A watan Maris na 2017 Hukumar Kwastan, a ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta ba duk mai mota wa'adin wata ɗaya, daga 13 ga Maris zuwa 12 ga Afrilu, ya je ya tabbatar an biya wa motarsa kuɗin fito, in ba a biya ba ya biya. A ranar ne mutane da yawa suka fara sanin cewa motar da suka shekara biyar suna hawa, wadda ke da lamba da lasin, tana iya zama kayan fasa-ƙwauri a idon doka. Majalisar Dattawa ta tayar da jijiyar wuya, aka dakatar da shirin kafin wa'adin ya yi nisa. Wani abokin aikina ya gwada kai takardun motarsa a duba masa a wancan lokaci, sai aka tarar lambar da ke jikin takardar fiton ta wata mota ce daban. Dillalin da ya sayar masa ya daɗe da barin gari. Malami ne mai digiri uku, amma bai taɓa sanin cewa akwai wata lamba da ya kamata ya gwada da ta jikin mota ba. To, ina ga wanda bai yi boko ba?

A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a watan Disamba na 2020, amma Jibiya da Kamba sai a watan Afrilu na 2022. A tsakanin nan Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage ƙarin harajin ƙananan motoci zuwa kashi 5, ta kuma rage kuɗin fiton manyan motocin kaya da na haya daga kashi 35 zuwa 10. A watan Afrilu na 2022 aka sake sabon lale: kuɗin fito kashi 20, da ƙarin kashi 20 a kan sabuwar mota, kashi 15 a kan tsohuwa. Wato cikin shekara 9 an canza lissafin sau uku, ban da rufe iyaka da buɗe ta.

Benin ma ta sauya nata. Gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta kafa harajin shekara-shekara a kan motoci a 2017. A dokar kasafin kuɗi ta 2022 kuma ta yafe wa sababbin motoci harajin sayen kaya, ta kuma zabtare ƙimar da ake ɗora musu kuɗin fito a kai da kashi 90 ko fiye, mota mai aiki da lantarki ita ta fi samun rangwame. Ƙasar da ta yi suna da tsofaffin motoci ta koma zawarcin sababbi. Amma irin wannan rangwame wanda ke da kuɗin sabuwar mota, ya kuma iya karanta dokar kasafi da Faransanci, shi ke cin moriyarsa. Ga direban da ke tsakanin Kandi da Malanbil, harajin shekara shi ne ya shafe shi, kuma sau da yawa a bakin shinge ake sanar da shi.

7.0 Harshe Da Hanyoyin Isar Labari

A gargajiyance, idan sarki ya yanke kuɗin ƙasa ko jangali, akan yi shela. Sanƙira ya zaga kasuwa, masu unguwanni su gaya wa magidanta, kuma da harshen da kowa ke ji. Ko harajin ya yi nauyi, ba wanda zai ce bai ji ba. Harajin mota kuwa ta wata hanya yake bi. Yakan fara ne da takardar ma'aikatar kuɗi zuwa ga hukumar kan iyaka, daga nan ejan ya gani, ya gaya wa mai shigo da kaya, shi kuma ya gaya wa dillali gwargwadon abin da ya ga dama, dillali ya gaya wa mai saye abin da zai sa ciniki ya faɗa. A kowane mataki labarin na raguwa, farashi na ƙaruwa.

Gidajen rediyo sun rage wannan tazara. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da Rediyon Kaduna, da Muryar Jamus, da Muryar Amurka, da tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani a Nijar da Freedom a Kano, duk sukan ba da labarin ƙarin haraji ko rufe iyaka a ranar da aka yi. Daga baya wayar salula da WhatsApp suka sa direban da ke Faraku na iya jin halin da gada ke ciki kafin ya taso. Sai dai labarin minti biyu yakan tsaya ne a kan "an ƙara" ko "an hana". Ba ya bayyana a kan wace ƙima za a ɗora kason, ko wace takarda ce shaida.

A nan ne matsalar kalmomi ke shigowa. Bahaushen Nijeriya na cewa "kwastan" da "diyuti", na Nijar na cewa "duwan" da "lanho". "Haraji" daga Larabci muka aro shi, "lanho" daga Faransanci, "duwan" kuma, duk da ta Faransanci ta iso mana, asalinta kalmar "diwani" ce da Turawa suka ara daga Larabawa. Amma a Ingilishin doka, kuɗin fito daban, ƙarin harajin kare masana'anta daban, harajin sayen kaya daban, kuɗin lasin shekara daban. Idan mai fassara ya tara su duka ya ce "haraji", to mai sauraro ba zai gane dalilin da ya sa a 2021 aka ce an rage haraji amma farashin mota bai sauko ba. Abin da aka rage ɗaya ne daga cikin huɗu, faɗuwar naira kuma ta cinye rangwamen. Ke nan daidaita waɗannan kalmomi ba aikin ado ba ne, aiki ne da ke iya tsare wa mutum dukiyarsa.

8.0 Kammalawa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Malanbil. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a bakin garin, mutane da ƙananan kaya suka koma ƙetare Kwara a kwalekwale. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe, kayanta suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Shekara 65 bayan gina gada, sai ga kuɗin fito ya koma ma'anarsa ta farko, wato abin da ake ba mai jirgi a bakin ruwa.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, daga zamanin madugu zuwa na ejan, wanda ya riga kowa jin sauyin haraji shi ke cin riba, wanda ya ji a ƙarshe shi ke biya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ɗalibin da ke shirin zama mai fassara ko ma'aikacin rediyo, ya sani cewa yana tsaye ne a tsakanin takardar doka da mai saye. Yana da kyau kowane ɗalibi ya samo sanarwa ɗaya ta hukuma a kan harajin mota, ya fassara ta, ya karanta wa direba ko dillali a tashar garinsu, sa'an nan ya rubuto kalmomin da suka gane da waɗanda suka gyara masa.